Sintiri Ba Yaƙi Ba Ne: 'Yan Doka, 'Yan Sanda da Askarawa a Ƙasar Anka, Gummi da Bukkuyum

Kalmar nan sintiri ba Bahaushiya ba ce tun asali. Aro ce daga Turanci, daga sunan sojan da akan tsayar gadi a bakin bariki, yana kai da komo da bindiga a kafaɗa. Amma da ta shigo bakin Bahaushe sai ya ajiye bindigar ya riƙe kai da komon, har ya zamana idan yaro ya dami uwarsa da shiga da fita sai ta ce ya ishe ta da sintiri. Haka sauran sunayen masu wannan aiki kowanne yake ɗauke da tarihinsa. Dogari na sarki ne, ɗan doka na En'e ne, ɗan sanda kuwa sandar da yake riƙe da ita ce ta ba shi suna, ba bindiga ba. Kalmar askar daga Larabci ta zo, ma'anarta soja. Wannan canjin suna, daga mai sanda zuwa soja, shi kaɗai ya isa ya nuna wa mai karatu inda aka fito da inda aka dosa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa abin da yammacin Zamfara ya rasa tun da daɗewa, tun kafin ya rasa zaman lafiya, shi ne mai sintiri na yau da gobe: watau ma'aikacin hukuma wanda ya san gari, gari ya san shi, yana zagawa ko da ba a yi kome ba, kuma akwai alƙalin da zai tambaye shi in ya wuce gona da iri. Duk wata runduna da za a kafa, in ba a mayar da wannan mutum bakin aikinsa ba, to, aikinta ba zai wuce ihu bayan hari ba.

Ya kamata a fara da duban ƙasar kanta. Ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum, in an haɗa su, faɗinsu ya haura murabba'in kilomita 8,500, kuma a ƙidayar 2006 mutanensu sun zarce rabin miliyan. Babbar hanyar kwalta ita ce wadda ta taso daga Mayanci ta ratsa Anka, ta isa Ɗaki Takwas, inda ta rabu, wani reshe ya nufi Gummi, wani ya yi kudu zuwa Zuru ta Jihar Kebbi. Da zarar an sauka daga wannan titi sai hanyoyin ƙasa da rafuka, waɗanda da damina mota ba ta iya ratsa da yawa daga cikinsu. Mai son zuwa Bagega daga Anka, ko Gwashi da Adabka daga Bukkuyum, ya san abin da ake nufi. A tsakanin waɗannan garuruwa kuma ga dazuzzuka irin su Gando da Sunke, ga ramukan haƙar zinariya, ga tungaye da rugage barkatai. Ofishin 'yan sanda mai baturensa yana hedikwatar ƙaramar hukuma, da 'yan ƙananan ofisoshi jefi-jefi. To, ina kurtun da zai tashi daga caji ofis na Anka ya san abin da ya kwana a wata tunga bayan Barayar Zaki?

Ba haka abin yake ba a da. Tun kafin zuwan Turawa akwai dogarai a fadar kowane sarki, su ne masu kamu, masu tsaron fursuna, masu kai saƙo, masu zartar da hukuncin alƙali. Malaman jihadi ma ba su ɗauki aikin da wasa ba, domin kuwa a cikin Kitabul Farƙi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lasafta shugaban 'yan tsaron gari cikin manyan mataimakan da mulki ba ya tsayuwa sai da su, tare da waziri da alƙali da mai tara dukiyar baitulmali. Da Turawa suka ci ƙasar Hausa a 1903 ba su rushe dogarai ba, sai suka sa su cikin tsarin En'e suna cin albashi. A shekarun 1920 aka ware wasu aka yi musu horo irin na zamani, da farko a Kano da sunan 'yan gadi, daga baya sunan 'yan doka ya game Arewa. Don a ɗaukaka aikin a idon jama'a akan ɗora 'ya'yan sarki a kansa. Usman Nagogo ya riƙe shugabancin 'yan dokan Katsina tun daga 1929 kafin ya zama sarki, Ado Bayero kuma shi ne Wakilin Dokan Kano kafin a tura shi jakadanci ƙasar Sinigal, daga can ya dawo ya hau gadon sarauta a 1963. A wancan zamani Anka da Gummi da Bukkuyum gundumomi ne a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, kowane hakimi da 'yan dokan da aka ba shi.

Mene ne aikin ɗan doka daga safe zuwa dare? Ba wani abin ƙawa ba ne, kuma a nan darajarsa take. Da safe yana ƙofar hakimi ko ɗakin shari'ar alƙali, a ba shi sammaci ya kai ƙauye, ya dawo da wanda aka yi ƙara. Ran kasuwa yana kasuwa tun kafin ta cika, yana tsakanin 'yan koli da kara, watau inda ake cinikin dabbobi, ya ga wa ya kawo sa, wa ya shaide shi, dillali wane ne ya tsaya masa. Da kaka yana rakiyar kuɗin haraji da na jangali. In an yi ɓarna a gona shi ke tafiya tare da wakilin dagaci a gano iyakar abin da shanu suka ci, a zo da makiyayi da manomi gaban alƙali tun kafin rai ya gama ɓaci. Da dare kuwa akwai masu zagaya gari. Bayansa kuma akwai wata sarƙa da ba ta sa kaki ba amma ita ce ƙarfinsa: mai unguwa, da dagaci, da sarkin kasuwa, da sarkin fawa, da arɗo a ruga, da fatoma mai saukar baƙi. Baƙo ba ya kwana a gari mai unguwa bai sani ba. Saniyar sata ba ta shiga hannun mahauci sarkin fawa bai tambaya ba. Ɗan doka ɗaya da sandarsa ya ishi ƙauyuka da yawa, ba don ƙarfin damtsensa ba, sai don idanu ɗari suna gani a madadinsa.

Kada wannan bayani ya sa a zaci zamanin 'yan doka zamanin adalci ne zalla. Ko kusa. Dattawan da suka ga lokacin suna ba da labarin yadda akan shanya talaka a rana don ya kasa biyan haraji, da yadda kazar mai gida kan zama abincin ɗan doka in ya kawo sammaci. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a 1950 kuwa, sai 'yan doka da kotunan En'e suka zama bulalar dukan 'yan hamayya a wurare da yawa na Arewa: a hana lacca, a kama mai lacca, a ɗaure shi kan ya zagi sarki. Laifin ɗan doka ba rashin sanin gari ba ne. Laifinsa shi ne wanda ya aike shi, da wanda zai yi shari'ar wanda ya kamo, da mai gidan kurkukun, duk hukuma ɗaya ce, ba mai tuhumar wani. Wannan ne ya sa bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta yanke shawarar narkar da 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan Nijeriya, aka kuma aiwatar da haka a ƙarshen shekarun 1960. Tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da rundunar 'yan sanda ɗaya tak ga ƙasa baki ɗaya, na 1999 ya maimaita haka a sashe na 214.

An yi maganin wata cuta, amma an haifar da wata. Ɗan sandan tarayya yana da horo da doka a hannunsa, amma sau da yawa baƙo ne, ana iya ɗauko shi daga kowace kusurwa ta Nijeriya, kafin kunnensa ya saba da Hausar Zamfarawa an yi masa canji. Umarninsa daga Gusau yake zuwa, na Gusau daga Abuja. Sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya zare ikon zartarwa daga hannun sarakuna da hakimai, aka bar mai unguwa da suna ba aiki. Ashe ke nan an raba abu biyu da bai kamata a raba ba: mai doka bai san gari ba, wanda ya san gari ba shi da doka. Aikin ɗan sanda a karkara sai ya koma zaman jiran ƙara a ofis da tsayuwa a shingen hanya, abin da direbobin hanyar Anka zuwa Gummi ba su bukatar a yi musu bayaninsa.

Wanda yake son ya auna zurfin wannan giɓi, ba sai ya jira zancen 'yan bindiga ba. Ya dubi abin da ya faru a 2010. A ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji na ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru na ƙasar Bukkuyum, mutane suna kawo duwatsun zinariya gida suna niƙawa a tsakar gida, ƙurar dalma tana zuba inda yara ke rarrafe. Yara suka dinga suma suna mutuwa, har aka yi asarar aƙalla 400. Waɗanda suka tona al'amarin likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne, da suka shiga yankin cikin watan Maris suna bin sawun cutar sanƙarau. Bagega ma, wadda ta fi sauran yawan jama'a, sai a 2013 aka yi aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Ba a ce ɗan sanda likita ba ne. Amma ma'aikacin da yake ratsa ƙauye kowane mako zai ga sababbin ƙananan kaburbura sun yi yawa, zai kuma rubuta ya kai gaba. Rashin wannan ido shi ne ya sa hukuma ta zama ta ƙarshen ji. Ƙasar da yara ɗaruruwa za su mutu a cikinta ba a sani ba, ita ce ƙasar da ɓarawo zai kafa sansani a cikinta ba a sani ba.

Da satar shanu da fashi suka yi ƙamari daga wajen 2011, jama'a ba su zauna sun naɗe hannu ba. 'Yan banga, waɗanda dā ma suna nan suna gadin dare, suka ƙara ƙaimi, sa'an nan aka sami 'yan sa-kai, watau waɗanda suka sa kansu. Wajibi ne a faɗi gaskiya ta fuska biyu game da su. Da yawansu manoma ne da maharba da suka fito da bindigar harba-ka-ruga suka tari masu manyan makamai, suka mutu a bakin garuruwansu, ba kuwa wanda ya biya iyalansu kome. Harin 'Yar Galadima ta ƙasar Maru cikin Afrilun 2014 a kan taron irin waɗannan masu tsaro aka kai shi. A ɗaya ɓangaren kuma, wasu daga cikin 'yan sa-kai sun mai da kansu ɗan sanda da alƙali da hauni a lokaci guda. An kashe Fulani a kasuwanni a bainar jama'a ba tare da shari'a ba, an ƙone rugage, mai laifi da marar laifi aka yi musu kuɗin goro. Duk wanda aka kashe ubansa a haka, ɓarayin daji sun sami sabon ɗan aiki ba tare da sun nema ba. Kwamitin da tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda Muhammad Dahiru Abubakar ya shugabanta ya ba da rahoto a 2019 cewa tsakanin 2011 da 2019 an kashe mutum 6,319 a jihar, an sace 3,672. A shekarar ce gwamnatin Bello Matawalle ta hana ayyukan 'yan sa-kai a cikin shirinta na sulhu, kuma wani abin lura shi ne kwamishinan 'yan sandan da ya jagoranci zaman sulhun sunansa Usman Nagogo, takwaran tsohon shugaban 'yan dokan Katsina.

Sulhun bai ɗore ba. Cikin Satumban 2021 aka katse layukan wayar salula a jihar, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Niyyar ita ce a toshe wa ɓarayi hanyar abinci da mai da labari, amma matakin ya yanke wa ƙauye harshen da zai kira agaji da shi, ya kuma rufe wurin da labari ke taruwa. Daga ran 4 zuwa 6 ga Janairun 2022 'yan bindiga ɗaruruwa a kan babura suka bi ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Kurfar Ɗanya da Rafin Gero da Barayar Zaki, suna kisa da ƙone-ƙone. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin suka ce sun kai 200. Wannan saɓani na alƙaluma shi kansa shaida ne: ba wani ma'aikacin hukuma a wurin da ke riƙe da littafin da za a duba a san su wa aka rasa. Kuma ayarin babura mai wannan yawa ba aljanu ba ne. Sai ya sha mai, sai ya ratsa gonaki da mashigin rafi, sai wani ya gan shi. Tambayar ita ce, wanda ya gani wa zai faɗa wa, kuma wanda aka faɗa wa wa zai saurare shi? Cikin Yunin wannan shekarar gwamnati ta kai ga gaya wa jama'a su nemi lasin riƙe bindiga su kare kansu, maganar da ba a taɓa zaton za ta fito daga bakin hukuma ba.

A kan wannan turba ne Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Gusau ran 31 ga Janairu, 2024, su 2,646, waɗanda aka ɗebo daga ƙananan hukumomi 14 na jihar. Katsina ta riga ta kafa tata rundunar cikin Oktoban 2023, Sakkwato ta biyo baya a 2024, jihohin Yarbawa kuwa tun 2020 suka kafa Amotekun. Hikimar da ke cikin wannan shiri a fili take, ita ce ta karin maganar nan da ke cewa da ɗan gari akan ci gari. An ɗauki ɗan Gummi ya tsare Gummi, an sa masa kaki, an yanka masa albashi, an ba shi shugaba. Wannan ya fi barin kowa ya sa kansa, nesa ba kusa ba.

Sai dai akwai haɗari guda da ya kamata malamai da ɗalibai, musamman 'yan wannan yanki, su sa wa ido. Sunan da aka ba su na soja ne, yabon da ake yi musu na soja ne, kuma labarinsu da ke fitowa a rediyo na artabu ne: sun fatattaki wane, sun ƙwato shanu kaza, an kashe musu mutum kaza. Ba a raina wannan ba, jini ne aka zubar. Amma matashin da aka yi wa horon 'yan makonni ba zai zama soja ba, kuma in aka sa shi gaba a daji a kowace fita, to, za a ƙarar da shi a aikin da ba nasa ba, a bar nasa ba mai yi. Abin da ya faru a Tungar Kara cikin Janairun 2025, inda jirgin yaƙi ya yi ruwan wuta a kan masu tsaron gari da suka bi sawun ɓarayi, ya nuna abin da kan auku idan na ƙasa da na sama ba su san da juna ba. Yaƙin daji na soja ne da 'yan sandan kwantar da tarzoma. Abin da soja ba zai taɓa iyawa ba, ko da an ba shi shekara goma a Bukkuyum, shi ne ya san cewa yaron gidan wane da ba shi da sana'a ya sayi sabon babur, ko mai shagon da ke sayar da burodi ɗari a rana ya koma sayar da ɗari biyar, ko mai faci ya fara gyaran baburan da ba na garin ba ne.

Za a iya cewa wannan magana ta masu zaman lafiya ce, yaƙi ake yi, wa ke ta kasuwa da sammaci? Amsa ita ce ɗan bindiga ba a daji yake noma ba. Fetur ɗinsa, da shinkafarsa, da ƙwayar da yake sha, da katin wayarsa, da labarin wanda ya sayar da amfanin gona jiya, duk daga gari suke fita, ta hannun waɗanda jama'a ke kira infoma. Shanun da ya sata kuwa sai sun bi ta kara kafin su zama kuɗi. Wannan zirga-zirga ita ce jijiyarsa, kuma mai iya ganinta shi ne mai sintiri a ƙafa, ba mai wucewa a mota da jiniya ba. Turawan Ingila da suka kafa 'yan sandan Landan a 1829 ƙarƙashin Robert Peel a kan wannan suka gina su: kowane kurtu da unguwar da yake takawa kullum, da sanda a hannu. Mutanen Japan har yau suna da 'yan ƙananan ɗakunan 'yan sanda a unguwanni, a karkara ma ɗan sandan a nan yake zaune da iyalinsa. Ba sabon abu ba ne ga ƙasar Hausa, abin da aka sani ne aka yar.

Saboda haka ranar mai sintiri a Gayari ko Nasarawar Burkullu ko Waramu ya kamata a ce tana da tsari sananne. Da asuba ya duba hanyoyin shiga gari da mashigai, ya ga sawun da aka kwana aka yi. Ya raka manoma zuwa gonakin nesa a lokacin shuka da girbi, da mata masu zuwa itace. Ran kasuwa ya tsaya a kara tare da sarkin zango da dillalai. Ya leƙa tasha, ya leƙa makarantar boko da ta allo, ya gaisa da mai unguwa da liman da arɗo. Abin da ya gani kuma ya shiga littafi, da rana da sa'a da suna, littafin ya isa hannun baturen 'yan sanda da hakimi a kan kari, ya kuma san lambar da zai kira a ɗauka. Wannan littafi, ƙanƙantarsa duk da haka, ya fi bindiga ɗari amfani, domin shi ne ke mai da jita-jita shaida, shi ne kuma zai kare ma'aikacin kansa ranar da aka yi masa ƙazafi.

Abu mafi nauyi shi ne abin da zai biyo bayan kamu. Doka ba ta bar wannan a duhu ba. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ta dace a tsakanin kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Dokar 'yan sanda ta 2020 kuma ta tanadi alƙalin majistare ya riƙa ziyartar wuraren tsare mutane kowane wata. Askarawa ba su da kurkuku, ba su da kotu, bai kuma kamata su yi ba. Wanda suka kama hannun 'yan sanda zai tafi, daga nan gaban alƙali. An san ƙorafin da masu tsaron gari ke yi, cewa sukan kai ɓarawo yau su gan shi a kasuwa jibi, ya dawo yana neman wanda ya tona shi. Ƙorafi ne mai tushe, kuma shi ne ya tura da yawa ga yanke hukunci da hannunsu. Amma maganinsa shi ne a riƙa bin sawun kowace ƙara a rubuce, daga ƙauye zuwa caji ofis zuwa kotu, a san hannun da ta ɓace a cikinsa, a hukunta mai hannun. In aka ƙyale mai kaki ya kashe wanda yake zargi, to, an dawo da ɗan sa-kai ne, sai dai wannan karon gwamnati ke biyansa.

Haka kuma tilas a tambayi su wa aka ɗauka. Rundunar da ba ɗan ruga ko ɗaya a cikinta, makiyayi zai dube ta a matsayin rundunar abokan gaba, ba zai kawo mata labari ba, alhali kuwa shi ya fi kowa sanin daji, shi ne kuma farkon wanda ɓarayin suka talauta. Wanda kuma aka ɗauka don ɗan siyasa ya ba da sunansa, ran zaɓe za a neme shi ya biya bashi. A nan ne muhawarar kafa 'yan sandan jihohi, wadda shugaban ƙasa da gwamnoni suka farfaɗo da ita cikin Fabrairun 2024, take bukatar a tuna mata da 'yan doka da NEPU. Masu goyon baya suna da hujja, masu tsoro ma suna da tasu, kuma duka hujjojin biyu daga tarihin ƙasar nan suka fito.

Saura zancen ciki. Mutumin da aka ba bindiga aka riƙe masa albashi wata biyu, an ba shi izinin karɓa a hanya ko ba a faɗa ba. Wanda ya san in ya faɗi a bakin aiki 'ya'yansa bara za su shiga, ba zai tsaya ba ranar tsayuwa. Kuɗin man babur, da cajin rediyon hannu, da maganin wanda aka harba, da haƙƙin matar wanda ya rasu, bai kamata su dogara ga karo-karon ƙauyen da ɓarayi suka riga suka ɗora wa harajin noma ba. Majalisun ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum suna karɓar kasonsu daga asusun tarayya kowane wata, kuma jama'ar da ke kwana a daji don tsoro suna da ikon su tambayi nawa ne daga ciki yake isa ga mai zagaya garinsu da dare.